Dandali da Maɗaba'a: Bikin Matasa na Ƙasa da Matsayin Marubucin Hausa, Daga Mahangar Ƙwanni da Adar

1. Gabatarwa

A garin Tsarnawa ne hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram. Birnin Ƙwanni na yamma da wannan mararraba, tafiyar ƴan kilomitoci, Malbaza da Galmi suna gabas, Ilela da tsaunukan Adar suna arewa, iyakar Nijeriya da hanyar Sakkwato kuwa suna kudu. Mai karatu ya lura cewa Ilela biyu ce, akwai ta Sarkin Adar, akwai kuma ta bakin iyaka a jihar Sakkwato. Ta Adar muke nufi a nan. Mun ɗauki wannan yanki a matsayin mahanga ne domin daga nan ake iya hango hanyoyi biyu da hukumomi suka bi a ƙarni na 20 wajen tallafa wa masu fasahar harshen Hausa, ɗaya ta Nijar, ɗaya ta Arewacin Nijeriya, alhali jama'ar da ke sauraro da karatu ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasar Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Matsayi irin wannan yana buƙatar littattafai, kuma daga cikin dabarun da aka sani na samar da su akwai bikin adabi na yanki, inda sabon marubuci ke haɗuwa da wanda ya riga ya yi suna. To amma ƙasar nan ta taɓa yin wani biki mai girma, wanda ya ratsa ƙauyuka da birane na tsawon shekaru, wato Bikin Matasa na Ƙasa. Abin da muke son nunawa a wannan ƙasida shi ne, wancan biki ya gina tsani mai ƙarfi wanda ya ɗauki mai fasaha tun daga ƙauyensu, amma tsanin ya ƙare ne a kan dandali, bai kai ga maɗaba'a ba, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya bar mana ƴan wasa da mawaƙa da yawa, marubutan Hausa kuwa kaɗan.

2. Rubutu a yankin kafin bikin

Ba za a ce wannan yanki baƙon rubutu ba ne. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma waƙoƙin ajami da shi da zuriyarsa suka rubuta da Fulatanci da Hausa sun yaɗu a ƙasashen Gobir da Ƙwanni da Adar. Abin lura game da su shi ne yadda suke tafiya. Ana rubuta waƙa a takarda, amma da murya take isa ga jama'a: a majalisin malami, a bakin almajirai da makafi masu bara, ko ta hanyar jajis na Nana Asma'u (1793-1864) waɗanda ke haddace waƙoƙinta su kai wa matan karkara. Duk da haka sunan marubuci ba ya ɓata, domin al'adar ta tanadi wurin da zai ambaci kansa da shekarar da ya gama, a baitocin ƙarshe. Wato murya da takarda sun riƙe juna.

Mulkin mallakar Faransa, wanda ya shigo yankin da wutar da rundunar Voulet da Chanoine ta sa wa Birnin Ƙwanni a watan Mayu na 1899, bai ba Hausa wuri a lakwal ba. Faransanci kaɗai ne harshen karatu. Sai bayan samun mulkin kai aka fara rubuta Hausa da boko a hukumance, ta hanyar ma'aikatar yaƙi da jahilci da aka kafa a farkon shekarun 1960. Bayan taron UNESCO na Bamako a 1966, Nijar ta ɗauki ƙa'idar ninka wasali don nuna tsawonsa, shi ya sa ake ganin sunayen jaridun karkara na lokacin kamar Gangaa da Saabon Ra'ayii, wadda ke fitowa a ƙasar Tawa. Lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973. Waɗannan duka sun samar da masu iya karatu, sai dai abin karantawar bai wuce darussan noma da kiwon lafiya da lissafin awon gyaɗa da auduga ba. Ƙagaggen labari ba ya cikin tsarin.

3. Bikin Matasa na Ƙasa

A zamanin Diori Hamani akwai makon matasa da ake yi a Yamai, inda wasannin ƴan boko da Faransanci suke da rinjaye. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta rusa jam'iyya, ta kuma nemi wata hanyar isa ga talakawa, sai ta farfaɗo da samariya, wato tsohuwar ƙungiyar samari da ƴan mata ta gargajiya mai sarkin samari da sauran muƙamai, ta mai da ita ginshiƙin tsarinta. A kan samariya aka ɗora manyan tarurruka biyu. Na farko shi ne kokowar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Na biyu shi ne Bikin Matasa na Ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, ana yin sa a watan Afrilu don ya dace da ranar tunawa da hawan soja mulki, yana kuma zagaya manyan biranen departema, Tawa na cikinsu.

Ya kamata mu tsaya a kan tsarin zaɓen, domin a nan ƙarfin bikin yake. A wancan lokaci Ƙwanni da Ilela kowace arondisma ce a cikin departeman Tawa, tare da Madawa da Buza da Keita da Cin-Tabaraden da Tawa kanta. Malbaza tana ƙarƙashin Ƙwanni, ba ta zama departema ba sai a 2011. Samariyar unguwa ko ta ƙauye takan shirya wasanta, a gwada a matakin arondisma, a zaɓi waɗanda za su tafi babban birnin departema, daga can kuma a fitar da tawagar da za ta kara da sauran sassan ƙasa. Ana gasa a wasan kwaikwayo da rawa da waƙa da kiɗa. Ma'anar wannan ita ce, saurayin da ke noman albasa a fadamar Galmi, ko budurwar da ba ta taɓa shiga aji ba a wani ƙauyen Tsarnawa, suna da hanyar da za ta iya kai su gaban shugaban ƙasa, muryarsu ta fita a Muryar Sahel, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma a gan su a talabijin. Ba a tambayar takardar shaidar karatu, ba a tambayar Faransanci. Idan ana batun tallafa wa sabon mai fasaha, da wuya a sami tsarin da ya buɗe ƙofa kamar wannan a Afirka ta Yamma ta wancan zamani, kuma bai kamata ƙyamar mulkin soja ta hana mu faɗin haka ba.

Garin da ya karɓi biki shi ma yana samun rabonsa: gidan matasa, filin wasa, masaukin baƙi, gyaran hanyoyi. Kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970 ne ya ɗauki nauyin wannan duka.

Amma yaya ake ƙirƙirar wasan kansa? Janet Beik, wadda ta bi ƙungiyoyin wasan Hausa a Nijar a farkon shekarun 1980, ta kira abin da ta gani fasahar baka ta zamani, kuma haka ta sa wa littafinta na 1987 suna. Ƙungiya takan zauna ta tattauna jigo, a tsara ƙashin labari fitowa bayan fitowa, a raba matsayi, sa'an nan kowane ɗan wasa ya cika nasa da maganar bakinsa. A wurin gwaji ne zance ke daidaita: abin da ya ba da dariya a riƙe shi, abin da ya yi sanyi a zubar. Sau da yawa akwai wani mushen lakwal ko ma'aikacin raya karkara da ke riƙe da ƴar takardar jerin fitowa, amma cikakken rubutun abin da za a faɗa babu shi, kuma ba a ga buƙatarsa ba. Ko ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, kuma wadda ta fi kowace ƙwarewa, a kan wannan hanya ta gina wasanninta. Chaïbou Dan Inna ya nuna yadda wannan salo ke da saiwa a wasannin gargajiya irin su wasan kara, saboda haka ba rashin iyawa ba ne, wata fasaha ce mai zaman kanta.

Sai dai tana da sakamako guda biyu ga adabi. Na farko, mawallafi ya narke a cikin ƙungiya. Kyauta ta departema ce, yabo na prefe ne da samariyarsa. Wanda ya ƙago labarin, in ma mutum ɗaya ne, sunansa bai shiga ko'ina ba. Mun ga cewa marubucin ajami yana sa hannu a ƙarshen waƙarsa. Mai tsara wasan samariya bai sami ko wannan ba. Na biyu, wasan yana mutuwa ranar da aka rufe biki, sai fa abin da rediyo da talabijin suka ɗauka. Baɗi kuma sabon jigo, sabon wasa. Ba a tara komai ba wanda ɗalibi zai ɗauka ya karanta, ko wani sabon marubuci ya yi koyi da shi ko ya yi masa tawaye.

Akwai kuma batun jigo. Hukuma ce ke nuna alƙibla: haɗin kan ƙasa, yaƙi da jahilci, tsadar aure da auren dole, cin hanci, barin ƙauye. Wannan na ƙarshe ya shafi Adar fiye da ko'ina, ƙasar da samarinta suka saba tafiya ci-rani zuwa Abijan da Legas da sauran biranen gaɓar teku da zarar an gama girbi. Ƴan wasa sun iya amfani da ƴar damar da suka samu, sukan yi wa ɗan kasuwa mai ha'inci da malamin tsibbu da ƙaramin ma'aikaci mai karɓar goro ba'a son ransu, jama'a na tafi. Amma kowa ya san inda ba'a take tsayawa. A namu ra'ayi, rashin rubutu ya yi wa ɓangarorin biyu daɗi: ɗan wasa na iya sakin magana ya wuce ba tare da ya bar shaida ba, hukuma kuma ba ta da wani littafi da zai yi yawo bayan an watse. Wanda ya yi asara shi ne mai karatun gobe.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga farin 1984, ga tsarin tsuke bakin aljihu, sai bikin ya fara rauni. Kountché ya rasu a watan Nuwamba na 1987, kuma bayan Taron Ƙasa na 1991 samariya ta rasa matsayinta, domin an ɗauke ta kayan aikin tsohon mulki. Gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, wadda aka kafa a 1987 da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, ta ci gaba da riƙe ɓangaren waƙa. Ɓangaren labari bai sami magaji irin wannan ba.

4. Abin da aka yi a ƙetaren iyaka

Tazarar Ƙwanni da Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, amma tarihin rubutun boko a can ya bi wata hanya dabam. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya biranen Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Ba a yi taro ba, ba a yi kiɗa ba. Abin da ya biyo baya shi ne littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Imam, wanda aka haifa a 1911, yana da shekara 22 ke nan. Bayan gasar an ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A nan ake ganin abin da tallafi ke nufi: edita da ya zauna da sabon marubuci a kan rubutunsa, injin da ya buga, makarantun da suka saya, da aikin yi bayan haka. Ba mu manta ba cewa wannan duka don amfanin mulkin Ingila aka tsara shi, kuma hannun East ya shiga cikin rubutun fiye da yadda marubucin yau zai yarda. Amma littattafan suna nan, ana karanta su har a jami'o'inmu.

An maimaita dabarar. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ta fitar da littattafai uku a 1980, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya da wasunsu a 1982. Mu lura da shekarun: daidai lokacin da samariyar Ƙwanni da ta Ilela ke gwajin wasanninsu ke nan. Jigogin ma sun yi kama, auren dole da fasa-ƙwauri da lalacewar birni. Bambancin shi ne ɗaya ya zama littafi mai suna a bango, ɗaya ya zama labarin da dattawa ke tunawa.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka durƙushe, marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa ba biki ne ya fito da su ba, kasuwa ce. Waɗannan littattafai ne suka tsallako iyaka tare da sauran haja, suka sami masu karatu a Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram, musamman mata. Taron Yamai na 1980 kan daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, wanda bayansa Nijar ta bar ninka wasali, ya sauƙaƙa wannan. Ɗan bambancin da ya rage, kamar harafin ƴ da muke rubutawa a nan, ba ya hana kowa karatu. Don haka ɗan Adar ya koyi karanta labarin soyayya da karin harshen Kano, nasa karin kuwa, mai "mun ka" da "shina", ya tsaya a baki.

5. Kyaututtuka, ayyukan agaji da sababbin bukukuwa

Marubutan Nijar da suka yi suna a wancan zamani da Faransanci suka yi shi, kuma mafi yawa a Paris aka buga su: Boubou Hama, Idé Oumarou, André Salifou da wasansa Tanimoune na 1973. Misalin da ya fi taɓa yankinmu shi ne Abdoulaye Mamani. Littafinsa Sarraounia, na 1980, labarin sarauniyar Aznan Lugu ne wadda ta yi tsayayya da rundunar nan da ta ƙone Ƙwanni. Labarin ƙasar Hausa ne, amma jikokin waɗanda abin ya faru a kansu ba su iya karanta shi da harshensu ba, kuma da yawa sun san shi ne ta fim ɗin Med Hondo na 1986. Mamani ya sha gudun hijira da kurkuku, ya kuma rasu a 1993 a haɗarin mota tsakanin Damagaram da Yamai, yana kan hanyarsa ta zuwa karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Kyauta irin wannan girmamawa ce ga wanda ya riga ya gama aikinsa. Tsakaninta da dandalin samariya akwai wani fili da ba kowa: wurin edita, da mai bugawa, da mai sayarwa.

An yi ƙoƙarin cike filin. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, kuma a ƙarƙashin shirin ilimi na haɗin gwiwa da Jamus, maɗaba'ar Albasa ta buga littattafai da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Daga baya Gashingo ta ci gaba da irin wannan aiki a Yamai. Matsalar littafin da aikin agaji ya haifa ita ce yakan tafi sito da aji, ba ya bin hanyar kasuwa, kuma in shirin ya ƙare bugu na biyu sai an yi sa'a. Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa, wanda ya sauka a Tawa a 2017 da sunan Tawa Sakola, ya gaji tsohon bikin ta fuskar gine-gine. Siminti ya samu, kuma yankin da ke da masana'antar Malbaza tun shekarun 1960 ba zai raina siminti ba, amma ba shi ne ke fitar da marubuci ba. Bikin tatsuniya na Gatan-Gatan a Dogon Dutsi kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, na fasahar baka ne.

Biki mai ɗauke da sunan littafi a ƙasar Hausa a Kaduna ya bayyana: na farko KABAFEST a 2017, wanda Lola Shoneyin ta shirya da goyon bayan gwamnatin jiha, Ingilishi ne kuma ya fi yawa a cikinsa, sa'an nan HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa, wanda Sada Malumfashi da ƙungiyar Open Arts suka fara a watan Oktoba na 2021. Waɗannan sun zo ne bayan shekara kusan 90 ana buga littattafai, saboda haka suna da abin bajewa a tebur da tsofaffin marubutan da za a zaunar kusa da sababbi. Ga marubucin Nijar kuwa, hanyar zuwa can ta dogara da iyaka, wadda Nijeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta tsallake wannan shinge tun da ta intanet ake aika labari, kuma a 2022 Amira Souley daga Maraɗi ce ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki. A Abuja aka karrama ta.

Wani aiki ya rage a hannun sassanmu na jami'a, musamman yanzu da Tawa ke da jami'arta mai sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. Wasannin samariya da rediyo da talabijin na ƙasa suka ɗauka, da waɗanda tsofaffin ƴan wasa ke iya maimaitawa a Ƙwanni da Ilela da Madawa, su ne mafi girman tarin ƙagaggen labari da aka yi da Hausar Nijar a ƙarni na 20. Ɗalibin da ya zauna zai mai da ɗaya daga cikinsu rubutu zai ci karo da tambayoyi biyu tun a shafin farko. Zai bar Adaranci yadda ya fito daga bakin ƴan wasa ne, ko zai daidaita shi da Hausar littafi, ya zubar da rabin abin dariyar? Kuma sunan wa zai sa a bango: na mushen da ya riƙe takardar jerin fitowa, ko na samariyar garin, ko na ɗan wasan da ya ƙago maganar da har yau ake maimaitawa a tasha?